TAFIYAR ƘASA A MONTIRIYAL, BIRNIN DUSAR ƘANƘARA

Birnin Montiriyal yana kan wani tsibiri ne a tsakiyar Kogin Saint-Laurent, cikin Lardin Kwibek na ƙasar Kanada. Shi ne na biyu wajen girma a ƙasar, yana biye da Toronto. Ƙidayar da aka yi cikin 2021 ta nuna mutum fiye da miliyan 1 da dubu 700 ke zaune a cikinsa, in kuwa aka haɗa da garuruwan da ke kewaye da shi, to, sun haura miliyan 4. Faransawa ne suka kafa garin cikin 1642, saboda haka har yau Faransanci ne harshen kasuwa da ofis da allunan tituna.

Abin da ya fitar da wannan birni daban cikin manyan biranen duniya shi ne yawan dusar ƙanƙarar da ke zubo masa. Daga watan Nuwamba zuwa farkon Afrilu yakan sami kimanin santimita 210, watau kusan ƙafa 7. Duk da haka kasuwa tana ci, yara suna zuwa makaranta, ma'aikata suna isa ofis a kan lokaci, kuma da yawa daga cikinsu da ƙafa suke fara tafiyar, da ƙafa suke ƙare ta. Baƙo yakan ɗauka jimirin mutanen ne kurum. Lalle akwai jimiri, amma kowane taku da mutum ya yi a titin Montiriyal cikin watan Janairu akwai wanda ya kwana yana share masa wurin, akwai kuma kuɗin haraji da aka zuba a kai.

IRIN SANYIN

Ya kamata mai karatu ya bambanta dusar ƙanƙara da ƙanƙarar da kan zubo da hadarin damina ta fasa ganyen gero. Ita dusa laushi gare ta, tana saukowa a hankali kamar audugar rimi, ba ta da ƙara ko kaɗan. In ta yi yini tana zuba sai gari ya yi tsit, ƙarar mota ma ta ragu, domin tana shanye sauti. Amma da an tattake ta sai ta daskare, in rana ta ɗan narkar da ita da rana kuma sanyin dare ya kama ta, sai ta koma ƙanƙara mai santsi kamar gilashi.

Cikin watan Janairu matsakaicin sanyin garin yakan tsaya wajen digiri 10 ƙasa da sifiri, da dare kuwa ya gangara ƙasa da haka. Mafi tsananin da aka taɓa aunawa a filin jirgin saman garin shi ne digiri 37.8 ƙasa da sifiri, cikin Janairun 1957. Iska kuma ita ce babbar masifar, gama tana kwashe ɗumin jiki da sauri. Shi ya sa masu faɗin yanayi a rediyo sukan ba da lamba biyu, ta ma'auni da ta yadda fata za ta ji. Hukumar yanayi ta Kanada tana gargaɗi cewa in lamba ta biyun ta kai 28 ƙasa da sifiri, fatar da aka bari a buɗe tana iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30. Kunne da hanci da yatsu su ne kan fara, wurin ya yi fari ya mutu, mutum bai ma sani ba sai wani ya gaya masa.

Don haka shirin fita aiki ne mai zaman kansa. Akan sa riga mai kama jiki daga ciki, a ɗora rigar ulu, sa'an nan a kawo babbar kwat mai hula wadda iska ba ta ratsa ta. Hikimar ita ce iskar da ke maƙale tsakanin riga da riga ita ke riƙe ɗumi, saboda haka riguna uku marasa kauri sun fi guda ɗaya mai nauyi. Rigar auduga daga ciki ba ta da amfani, domin in ta sha gumi ba ta bushewa, sai ta riƙa sanyaya mai ita. Akan rufe kai da kunne, a naɗe wuya, a sa safar hannu. Takalmi kuwa dole ya zama dogo mai rufe idon sawu, wanda ruwa ba ya shiga, mai kaushin tafi. A kowane gida da makaranta da asibitin unguwa akwai tabarmar roba a bakin ƙofa inda ake tuɓe shi, kuma ma'aikata da yawa suna ajiye takalmin ofis a ƙarƙashin teburinsu duk tsawon sanyin.

Ga kuma gajartar yini. Cikin watan Disamba hasken rana bai kai awa 9 ba, ƙarfe 4 da 'yan mintoci rana ta faɗi. Wanda ya tashi aiki ƙarfe 5 cikin duhu zai taka zuwa gida.

SANIN GABAS DA YAMMA

Tsarin garin yana da sauƙin ganewa ga mai tafiya a ƙasa in ya riƙe abu uku: kogi, da dutse, da titi guda. Kogin yana ƙasa, dutsen Mont Royal wanda garin ya ci sunansa yana sama, tsakiyar gari kuwa tana shimfiɗe a tsakaninsu hawa-hawa. Titin shi ne Saint-Laurent, takwaran kogin, wanda ya taso daga bakin ruwa ya raba garin gida biyu. Duk titin da ya gicciye shi yana da ɓangaren gabas da na yamma, kuma lambobin gidaje daga jikinsa suke fara hawa. A da can Ingilishi ya fi yawa a yammacinsa, Faransanci a gabashinsa, baƙi 'yan ci-rani kuwa suka zauna a kan titin kansa.

Sai dai akwai wani abin mamaki. Mutanen garin sun ɗauki kogin a matsayin kudu, alhali kuwa a daidai nan kogin ya karkata. Abin da suke kira arewa ya fi kusa da yamma, har akan yi musu ba'a a ce garinsu ne kaɗai rana ke faɗuwa a arewa. Baƙon da ya dogara da rana ko da allurar nuna alƙibla, aka yi masa kwatance irin na 'yan gari, zai sha yawo, kuma ɓatan kai na rabin awa cikin irin wannan sanyi ba wasa ba ne.

Kowace unguwa da irin wahalarta. A tsohon gari, can bakin kogi, akwai titin Saint-Paul da dandalin Jacques-Cartier, inda aka shimfiɗa duwatsu. Kyau kam akwai shi, amma dutse in ya sha ƙanƙara sai a hankali, ga iskar kogi tana kaɗowa ba abin da ya tare ta. Daga nan in mutum ya nufi titin Sainte-Catherine, babban titin kantuna, hawa zai yi, in ya wuce zuwa titin Sherbrooke ya sake hawa, kuma gangarowa ta fi hawan haɗari. A unguwar Plateau kuwa gidaje ne masu hawa biyu ko uku a jere, kowanne da matakalar ƙarfe a waje, wata a miƙe wata a murɗe, tana hawa daga bakin titi zuwa bene. An gina su haka ne tun ƙarshen ƙarni na 19 don a sami fili a cikin gida, kada kuma a yi asarar itace ko gawayi wajen ɗumama matakala. Sharar wannan matakala a wuyan masu gida take. Saboda haka tafiyar mutumin Plateau da shebur take farawa, kafin ma ya sa ƙafa a hanyar hukuma.

YADDA AKE TAKAWA

Tafiya a kan ƙanƙara koyonta ake yi kamar yadda yaro ke koyon tatata. Ɗan gari ba ya buɗa ƙafa da yawa. Yakan yi gajeren taku, ya sauke tafin ƙafarsa gaba ɗaya, ya ɗan sunkuya gaba don nauyinsa ya zauna a kan ƙafar da ta taka, ya fitar da hannuwansa daga aljihu. Baƙo kuwa yakan taka da diddige yadda ya saba, hannuwa a aljihu saboda sanyi, sai kurum ya ji shi a ƙasa. Sannu ba ta hana zuwa, in ji Hausawa, kuma a nan gaggawa tana iya kai mutum asibiti da karayar wuyan hannu. Tsofaffi da dama suna ɗaura wa takalmansu wata roba mai 'yan ƙusoshi don kama ƙanƙara, su cire in za su shiga kanti, gama a kan daɓen siminti mai sulɓi ƙusoshin su ne kan jawo faɗuwa.

Dusar da ta zubo sabuwa ba ta da santsi sosai, gajiya kawai take sa wa, kamar tafiya cikin rairayi. Wadda ake tsoro ita ce siririyar ƙanƙarar da ba ta da launi, wadda ke kwanciya a kan kwalta ta yi kamar jiƙa ce kurum. Mafi sharri kuma ita ce wadda sabuwar dusa ta lulluɓe.

Sa'an nan ga mararrabar tituna. Gishirin da ake zubawa yana narkar da dusa ta koma wani caɓi mai ruwan toka, in kuma bakin magudanar ruwa ya toshe da ƙanƙara sai caɓin ya taru a kwana, daidai inda ake tsallaka titi. Daga sama kamar tudu yake, da an taka sai ƙafa ta nutse har idon sawu cikin ruwa mai sanyin gaske. 'Yan gari sun gwanance wajen tsallake shi, kowa yana bin sawun na gabansa. Wanda ya tsaya daf da titi kuma bas ya zo wucewa, to, ya sha wanka.

Sama ma ana dubawa. Ranar da sanyi ya ɗan sassauta ƙanƙara takan saki daga rufin dogayen gine-gine ta faɗo, saboda haka akan gicciya igiya ko a kafa allon gargaɗi. Tarin dusar da aka ture gefe yakan yi tsawon da zai ɓoye yaro daga idon direba, mota kuma ba ta tsayawa nan take a kan santsi. Dokoki biyu suna ɗan taimakon mai ƙafa. A Lardin Kwibek wajibi ne kowace mota ta sa tayoyin sanyi daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, kuma a tsibirin Montiriyal an hana direba ya karya dama in danja ta nuna ja, abin da aka yarda da shi a sauran lardin.

RUNDUNAR KWASA

A birane da yawa na Amurka, har da Niyok, mai gida ne doka ta ɗora wa share hanyar ƙafa da ke gaban gidansa. A Montiriyal hukumar birni ce ke yi. Tituna da hanyoyin ƙafa na garin in aka haɗa su sun kai kimanin kilomita 10,000, kuma fiye da rabi hanyoyin ƙafa ne. An raba aikin tsakanin gundumomi 19 na birnin, wani na ma'aikatan hukuma, wani na 'yan kwangila.

Aikin mataki-mataki ne. Da dusa ta fara sauka sai a watsa gishiri. In sanyi ya tsananta gishiri ba ya cin ƙanƙara sosai, sai a koma ga tsakuwa ƙanana don ƙafa ta sami abin kamawa. In dusa ta kai santimita 2 da rabi sai motocin turewa su fito. A kan hanyar ƙafa wata 'yar katafila ce ke bi, faɗinta daidai da hanyar, tana tafe da gudu tana walƙiya da fitila, kuma duk ɗan gari ya san da ya ji ƙararta a bayansa sai ya raɓe jikin bango.

Turewa kaɗai ba ta isa ba, domin dusar ba za ta narke ba sai Maris ko Afrilu, in aka bar ta a gefe titi zai toshe. Saboda haka in ta kai santimita 10 zuwa 15 sai a ba da umurnin kwasa. Akan kafa alluna masu ruwan lemo a titi ana sanar da lokacin da aka hana ajiye mota, ko dai daga 7 na safe zuwa 7 na dare, ko daga 7 na dare zuwa 7 na safe. Kafin a fara, motar janwe takan zagaya tana busa jiniya, wanda ya yi barci ya bar motarsa a ja ta zuwa wani titi, a kuma ci shi tara. Bayanta sai katafiloli su tara dusar a layi guda, wata babbar mota mai baki kamar injin niƙa ta bi layin tana haɗiyewa tana fesawa ta bututu cikin tifa, in tifa ta cika ta wuce wata ta maye gurbinta, ba a tsayawa. Ma'aikata kimanin 3,000 da motoci kimanin 2,200 ke wannan aiki dare da rana, kuma dusa mai santimita 20 takan ci wajen kwana 4.

A shekara akan kwashe kimanin mita kubik miliyan 12. A da cikin kogi ake zubarwa, amma gwamnatin lardi ta hana saboda gishiri da man mota da shara da ke cakuɗe da ita. Yanzu wata ana zuba ta cikin manyan magudanan ƙarƙashin ƙasa, ta narke ta bi ta matatar ruwan ƙazanta, wata ana tara ta a filaye, wata kuma ana juye ta cikin tsohon ramin fasa dutse na Francon a unguwar Saint-Michel. Tsaunin dusar da ake tarawa yakan kai tsakiyar bazara bai gama narkewa ba, ya yi baƙi ƙirin da datti. Kuɗin wannan aiki a 'yan shekarun nan ya kusa dala miliyan 200 ta Kanada a shekara.

Ba haka aka fara ba. A ƙarni na 19 daddanne dusar ake yi a bar ta, dawakai su ja keken da ke zamewa a kanta. Zuwan taragon lantarki cikin 1892 shi ya tilasta share titi, kuma shekara da shekaru dubban lebura ne ke yi da shebur. Wani ɗan manoma mai sayar da madara, Arthur Sicard, wanda dusa ta sha tare masa hanyar kasuwa, ya lura da yadda injin sussukar alkama ke aiki, ya ƙera mota mai haɗiye dusa tana fesarwa cikin 1925. Garin Outremont, wanda yanzu gunduma ce a cikin Montiriyal, ya sayi ta farko cikin 1927. Wani makaniki kuma na ƙauyen Valcourt, Joseph-Armand Bombardier, ɗansa ƙarami ya rasu cikin sanyin 1934 saboda dusa ta hana a kai shi asibiti. Cikin 1937 ya fitar da mota mai tafiya a kan dusa, kuma kamfaninsa ne daga baya ya ƙera irin 'yan katafilolin da suka daɗe suna share hanyoyin ƙafa na garin.

GARI A ƘARƘASHIN GARI

Dabara ta biyu da garin ya yi ita ce ya kauce wa sanyin gaba ɗaya. Cikin 1962 aka buɗe wani dogon bene mai suna Place Ville Marie a kan wani rami da layin dogo ya ratsa. A ƙarƙashinsa aka yi jerin kantuna, aka haɗa su da babbar tashar jirgin ƙasa da otal ɗin Queen Elizabeth. Ran 14 ga Oktoba 1966, zamanin magajin gari Jean Drapeau, aka buɗe jirgin ƙarƙashin ƙasa da suke kira metro, ana shirin baje kolin duniya na 1967. Jirgin tayoyin roba gare shi, kuma duk layinsa a rufe yake, dusa ba ta taɓa shi. Yau yana da tashoshi 68.

Daga nan kowane sabon gini a tsakiyar gari ya so a haɗa shi da tashar metro, gama ta nan masu saye ke ɓullowa. Sannu a hankali hanyoyin suka sarƙe har suka kai kimanin kilomita 32, da ƙofofin shiga fiye da 120, kuma an ƙiyasta mutum rabin miliyan ke bi ta ciki kowace rana lokacin sanyi. Cikin 2004 aka ba su suna RÉSO. Har cocin Christ Church, ginin dutse na ƙarni na 19, an ɗora shi a kan turaku cikin 1987 aka haƙa kantuna a ƙarƙashinsa. Mutum yana iya sauka daga jirgi ya je ofis, ya ci abinci, ya yi sayayya, ya shiga banki, bai ga sararin sama ba.

Amma wannan ni'ima tana da iyaka. Tsakiyar gari kaɗai ta rufe, unguwannin da jama'a ke kwana ba su da ita. Galibin hanyoyin mallakar masu gine-gine ne, saboda haka wasu akan rufe su da dare, masu gadi kuma suna iya korar wanda suka ga dama. Ba a miƙe suke ba, sai an hau matakala an sauka, an ratsa kanti an karya kwana, har wani lokaci bin titi ya fi sauri. Cikin kuma da zafi, wanda ya shigo da kayan sanyi sai ya jiƙe da gumi, ya fita waje gumin ya zame masa abin cutarwa. An taɓa yin shirin sa bututun ɗumi a ƙarƙashin hanyar ƙafa ta titin Sainte-Catherine don ƙanƙara ta riƙa narkewa da kanta, amma aka soke shi cikin 2018 saboda tsada.

RANAKUN DA ABIN YA FI ƘARFI

Akwai ranakun da duk wannan shiri kan kasa. Ran 4 ga Maris 1971 dusa mai santimita 43 ta zubo a yini guda, iska mai gudun fiye da kilomita 100 a awa ta tara ta har ta binne motoci. Tituna suka mutu, sai motocin kan dusa da masu ƙafa da metro suka rage. A sanyin wannan shekara an auna santimita 383 gaba ɗaya. Ran 27 ga Disamba 2012 aka sami santimita 45 da ɗoriya, ya shafe tarihin 1971 na yini guda.

Wadda ta fi zama a zukatan mutane ita ce ta Janairun 1998, kuma ba dusa ba ce. Ruwan sama ne ya yi ta zuba kwana biyar, yana daskarewa a kan duk abin da ya taɓa, har kaurinsa ya kai santimita 10 a wasu wurare. Hasumiyoyin ƙarfe na lantarki kimanin 1,000 suka durƙushe, gidaje da ma'aikatu kimanin miliyan 1 da dubu 400 suka rasa wuta a lardin, aka fito da soja fiye da 15,000. An rufe gadoji, an rufe tsakiyar gari saboda ƙanƙarar da ke faɗowa daga benaye, rassan itatuwa suka cika tituna. A wannan mako ko taku goma a ƙofar gida sai da dabara.

Cikin Fabrairun 2025 kuma guguwa biyu suka biyo juna, suka sauke fiye da santimita 70 cikin kwana 4. Dusar ta fi ƙarfin 'yan katafilolin, hanyoyin ƙafa da yawa suka kwana da kwanaki a toshe, mutane suka koma bin tsakiyar titi tare da motoci, kwasar kuma ta wuce mako guda.

WAƊANDA HANYA TA FI ƘUNTATA WA

Ko a ranar da aiki ya tafi daidai, ba kowa ne hanyar ke buɗe wa ba. Tudun dusa mai tsawon taƙi guda a bakin mararraba saurayi tsallakewa zai yi, amma ga mai keken guragu katanga ce. Uwa mai tura keken jariri sai ta ɗaga shi. Makaho mai sanda yana gane hanya ne da bakin kwalta, in dusa ta shafe shi ya rasa alama. Tsoho kuwa ya san faɗuwa guda tana iya karya masa ƙugu, saboda haka da yawa sukan zauna a ɗaka mako da makonni, kaɗaici ya haɗu da sanyi. Tashoshin metro da yawa kuma har yanzu ba su da lif. Dokar lardi ta ce ba a kama hukumar birni da laifin faɗuwar mutum a kan ƙanƙara sai an tabbatar ta yi sakaci, don haka neman diyya ba abu ne mai sauƙi ba.

Can ƙarshen layi akwai marasa gida, waɗanda tafiya ita ce hanyar tsira da ransu, daga tashar metro zuwa gidan ciyarwa, daga nan zuwa makwanci. Gidan agaji na Old Brewery Mission yana karɓarsu tun 1889, kuma da sanyi ana buɗe wuraren shan ɗumi, amma wuri ba ya isa. Cikin Janairun 2021, lokacin dokar hana fitar dare saboda annobar korona, aka tsinci gawar wani mutum ɗan ƙabilar Innu cikin wani bayan gida na tafi-da-gidanka, 'yan taku kaɗan daga wani gidan agaji da aka hana kwana a cikinsa saboda annobar. Bayan 'yan kwanaki kotu ta cire marasa gida daga cikin dokar.

HAWAN DUTSE

Duk da haka mutanen Montiriyal ba su ɗauki sanyi abin ɓuya ba. Ranar hutu in gari ya waye da rana akan gan su suna hawan Mont Royal, mai tsawon mita 233. Frederick Law Olmsted, wanda ya tsara babban lambun Niyok, shi ya tsara lambun dutsen, aka buɗe cikin 1876, kuma ya yi masa hanya mai lanƙwasa wadda ke hawa a hankali. Mai sauri kuma yana iya bin matakalar katako daga saman titin Peel. Wasu sukan ɗaura faffaɗan takalmin dusa irin wanda Turawa suka koya daga mutanen ƙasar na asali, wanda ke baza nauyin mutum kada ya nutse, yara kuwa suna ta zamiya a gangare. Daga dandalin da ke sama ana hango benaye suna fitar da tururi, da kogi, da gadoji, da jerin tifofi suna tafe da dusa.

Wajen ƙarshen Maris rana takan fara ƙarfi, tudun dusa su sauka, ruwa ya cika kwata, ramuka su buɗe a kwalta inda ruwa ya shiga ya daskare ya fasa ta. Duk abin da aka yar tun Disamba sai ya fito fili, har da safar hannu ɗai-ɗai da ba a san masu su ba. Cikin Afrilu motocin shara su bi gari suna kwashe tsakuwar da aka watsa, a kai katafiloli garejin gyara, a fara lissafin gishirin da za a saya kafin Nuwamba ta zagayo.